Wata shida a makarantar koyon kodin: karatu kam akwai, sakata ce babu

Tun ranar da na ɗora hoton satifiket ɗina a status mutane suka dame ni da tambaya, wai ya makarantar take, nawa ake biya, da gaske ana koyarwa ko irin wuraren nan ne da za su karɓe maka kuɗi su koya maka Microsoft Word wata uku su ce ka zama injiniya. Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, kuma tun yanzu ina faɗa dogo ne, mai sauri ya wuce abinsa. Sunan wajen ba zan kama ba, ba wai tsoro ba, mutanen sun min mutunci ta wasu ɓangarorin kuma ba na son a ce na fito ɓata wa wani kasuwa. A nan Kano yake dai, hawa na biyu a wani bene, irin cibiyoyin nan da suka yi yawa tun da aka fara cewa duk wanda ya iya kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni don haɗa manhaja ko shafin intanet, zai zauna a ɗakinsa yana karɓar dala.

Ni lissafi na karanta, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, da aurena da yara biyu. Albashin malamin makarantar kuɗi kuwa kun sani, kafin 15 ga wata ya zama labari. Abban yara ne ma ya fara kawo maganar, ya ce tunda kanki na ja a lissafi me zai hana ki gwada, shi ya biya kashin farko, Allah ya saka masa. Naira 180,000 ne na wata shida, ana biya sau uku, laftof kuma da taka za ka zo, ni ta hannu na saya, batirinta ba ya wuce minti arba'in amma dai ta kai ni ƙarshe.

Bari in fara da alherinsu don kar a ce ban yi adalci ba. Wuta ba ta taɓa zama matsala ba, suna da sola da inbata, ga janareto in hadari ya rufe rana, wata shidan nan sau biyu kawai aka tashi aji saboda wuta. Intanet ɗinsu ma ba laifi, sai dai in yaran ajin sun fara sauke fim a ɓoye sai ka ga komai ya tsaya. Akwai fanka, akwai kujeru masu kyau, soket a kowane tebur. Tsarin karatun kuma a jere yake, HTML da CSS na tsara fuskar shafin intanet wata ɗaya da rabi, sai JavaScript, yaren da ke sa shafin ya yi aiki, sai React da aka gina a kansa, a tsakani ana koya mana Git na adana canje-canjen da ka yi a kod da yadda ake ɗora aiki a GitHub, shafin da masu kodin ke ajiye aikinsu, kuma ba karatun allo ba ne kawai, kullum sai ka buga wani abu da hannunka kafin ka tashi.

Malamin JavaScript ɗin nan kuwa wallahi ko nawa suke biyansa bai kai ba. Da Hausa yake fasa abu in ya ga mun yi zuru. Ranar da yake koya mana fankshin ya ce ku ɗauka injin markaɗe ne, ka zuba tumatir da tattasai da albasa ta sama, markaɗe ya fito ta ƙasa, injin bai damu da ko na waye ba, abin da ka zuba shi zai ba ka. Da aka zo luf ya ce jan carbi ne, ka fara daga ɗaya, ka yi ta ja har 33 ka tsaya, in ka manta ba ka gaya wa kwamfuta inda za ta tsaya ba to za ta yi ta ja har ta suma. Na shekara huɗu a jami'a ba wanda ya taɓa min bayani haka. A wata na huɗu na haɗa 'yar manhajar lissafin adashi, wa ya zuba, wa bai zuba ba, kwasar waye a wannan watan, har yanzu uwar adashinmu ta makaranta da ita take amfani. Don haka in tambayarka ita ce ana iya koyo a wajen, e ana iyawa, ba ko shakka.

Yanzu sai abin da ya sa na zauna rubutun.

Mu 31 muka fara, mata mu shida. Mata biyu muka gama, ni da wata ɗalibar jami'a da ke zaune kusa da wajen. Kuma na ga tafiyar huɗun nan da idona ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta tafi don karatun ya fi ƙarfinta, ɗaya daga cikinsu ma ta fi mu duka ja, ita ke gyara wa mazan kuskurensu.

A takardar talla an rubuta ƙarfe 4 zuwa 6 na yamma, da wannan na je na nemi izini a gida, da wannan kowace ta nema. Sati uku da farawa aka ce ɗaya daga cikin malaman yana aiki a wani wajen ba ya tashi sai biyar, don haka aji ya koma 5 zuwa 8. A guruf ɗin WhatsApp na ajin aka sanar, mazan suka yi ta turo alamar babban yatsa, shi kenan an gama magana. Takwas ɗin ma ba takwas ba ce, ga sallar magariba a tsakani, ga isha, sai ka ga tara saura ana tattara caja. Ki sauko ki tsaya titi neman adaidaita, kuɗin mota kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda ya koma, da daddare kuma sai su ƙara, kuma kina kallon agogo don kin san in dare ya yi nisa samun adaidaita sai an sha wuya. Yarinyar da na ce ta fi mu ja daga can bayan Kurna take zuwa, rana ta uku da ta shiga gida bayan tara babanta ya ce ta ajiye, kuma ni a raina ban ga laifinsa sosai ba, ko ni ce da 'ya budurwa abin da zan yi tunani kenan. Kashi biyu na kuɗin ta riga ta biya, ko sisi ba a mayar mata ba.

Banɗaki guda ɗaya ne a hawan, maza da mata, kuma ƙofar ba sakata. Ba wasa nake ba. Akwai alamar inda sakatar take a da, ramukan kusoshin na nan, amma ita babu. Sai mu tafi mu biyu, ɗaya ta shiga ɗaya ta tsaya gadi, in 'yar'uwarki ba ta zo ranar ba to sai ki daina shan ruwa tun azahar. Na faɗa wa Antin risefshan sau uku, ta ce ta faɗa wa Oga mai makarantar, Oga ya ce ai na mai benen ne. Wajen salla kuma maza na da baranda da tabarmi suna jam'insu, mu sito aka buɗe mana, cikin matattun batura da kwalaye, mutum ɗaya ke iya tsayuwa. Mai goyon da ke cikinmu ita ce ta biyu da ta tafi, ba inda za ta zauna ta ba yaro nono sai kan matakala.

Ta ukun guruf ɗin WhatsApp ne ya kore ta. Wani a ajin ya ɗauki lambarta daga guruf ya fara turo saƙo sha biyun dare, ta yi banza da shi, ya canza layi, ta toshe, ya fara jifa da habaici a cikin guruf ɗin ana ta dariya da sitika. Da ta kai ƙara abin da aka ce mata shi ne ta yi haƙuri yaro ne, wai ma ai ba da mugun nufi ba ne ƙila da aure yake sonta. Shi yaron yana nan har ranar karɓar satifiket, da babbar riga. Ta huɗun aure aka sa mata, angon ya ce in da safe ne ba matsala, da daddare kam a'a.

Sai kuma ƙananan abubuwan da in ka faɗa a ce ka cika ƙorafi. In an raba aikin rukuni kafin ki buɗe baki an ce Hajiya ke ki zaɓa mana kala ki haɗa silayid, ku mata kun fi iya kwalliya, su kuma su riƙe ainihin kodin ɗin. Karo na farko na yi shiru, na biyu na ce wallahi ni zan rubuta wajen shigar da bayanai ko a raba rukunin, suka yi ta kallona kamar na zagi wani. Kuma aikin da ake samu, irin wani yana son a haɗa masa shafin shagonsa ko makarantarsa, ba a aji ake rabawa ba, a teburin mai shayin ƙasan benen ake rabawa bayan an tashi, Oga da malamai da yaran suna cin indomi da ƙwai, nan ake cewa kai wane za ka iya wannan, gobe ka same ni. Ni a lokacin ina cikin adaidaita. Sai da safe ki ji wane ya samu aikin dubu hamsin.

To a wata na biyar aka ce wasu baƙi za su zo daga wata ƙungiya da ke ba da tallafi, sai ga Oga da kansa yana cewa Hajiya don Allah ku dawo layin gaba, har aka aro 'yan mata biyu daga ajin zanen hoto na safe aka zaunar kusa da mu aka buɗe musu laftof. Aka yi hotuna aka watse. Bayan baƙin sun tafi Oga ya tsaya yana huci wai sun ce sai mata sun ƙaru kafin su saka kuɗi, ya ce shi ya zai yi, ƙofa a buɗe take, ya hana wata mace zuwa ne, mata ne ba sa zuwa. Daga nan musu ya ɓarke, ranar ba a yi karatu ba sam, kuma gaskiya na ji daɗin musun don kowa ya fito da abin da ke cikinsa.

Akwai wani yaro da muke kira Injiniya, yana da ƙoƙari ba laifi amma duk abin da ya gani a YouTube ya zama aya. Shi ya ce a daina wahalar da kai, halitta ce, ƙwaƙwalwar mace ta fi karkata ga mutane ta namiji ga na'ura, har ya kawo labarin James Damore, injiniyan Google ɗin nan da ya rubuta takarda mai shafi 10 a 2017 yana cewa bambancin halitta na cikin dalilan da suka sa mata suka yi kaɗan a aikin, kamfanin ya kore shi a watan Agusta. Injiniya ya ce gaskiya ya faɗa aka kore shi, Turawa ba sa son gaskiya.

Na ce masa ƙanina tsaya, ni lissafi na sani, mu yi lissafi. A Amurkan da kake magana, a 1984 kashi 37 cikin ɗari na masu kammala digirin kimiyyar kwamfuta mata ne, zuwa wajen 2010 ya sauko kashi 18. To halittar ce ta canza cikin shekara ashirin da 'yan kai? A daidai lokacin nan mata ƙaruwa suke ta yi a likitanci da lauya, a nan kuma raguwa suka yi. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka canza shi ne kwamfuta ta shiga gidaje aka riƙa tallarta a matsayin kayan wasan yara maza, yaro ya zo jami'a ya shekara biyar yana taɓa ta, yarinya ta zo ranar ta fara gani, malami ya ɗauka kowa ya iya. Kuma tun farko ma aikin na mata ne, ENIAC da aka nuna wa duniya a 1946, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko, mata shida ne suka tsara mata aiki, lokacin ana ganin haɗa ƙarfen shi ne aikin maza, ba ta umarni kuma aikin sakatarori ne. Margaret Hamilton ce ta jagoranci masu rubuta manhajar kumbon Apollo da ya sauka a wata a 1969. Sai da aikin ya yi daraja ya yi kuɗi sannan aka gano wai bai dace da ƙwaƙwalwarmu ba. Na ƙara masa da Malesiya, ƙasar da musulmi suka fi yawa, mata da hijabansu, a can mata kan kai kusan rabin ɗaliban kwamfuta a jami'a, don su a wajensu aikin cikin ofis ne a inuwa, ya fi dacewa da mace a kan aikin gini ko haƙar mai. Halitta ɗaya, ƙasa daban, lissafi daban. Injiniya ya ce zai bincika, har muka gama bai dawo min da sakamako ba.

Malamin JavaScript shi kuma gida ya ɗora wa laifi, iyaye da mazaje. Ya ce a gidansu ma da aka sayi kwamfuta ɗakin samari aka kai ta, ƙannensa mata sai dai su leƙa, ya ce yarinya tun tana aji uku ake ce mata ki yi nas ko malanta, ba mai ce mata ki yi injiniya. Wannan kam ban musa ba don gaskiya ce, ni kaina sai da wata a dangin maigidana ta ce wai me matar aure za ta yi cikin gardawa har dare, kuma da Abban yara irin mai jin maganar mutane ne da tuni na ajiye. Antin risefshan da ta leƙo ita cewa ta yi mu matan ne ba mu da naci, abu kaɗan mu ce mun fasa, wai ga masu saida kaya a intanet nan suna kaiwa sha biyun dare suna amsa kwastoma. Na ce Anti a kan gadonsu suke amsawa ai, ba a bakin titi ba. Amma ita ma akwai ɗan abin dubawa a maganarta, na san waɗanda aka biya musu kuɗin irin wannan karatun suka mayar da shi wajen hira. In ɓera da sata daddawa ma da wari, ban ce mu tsarkakakku ba ne.

Inda na tsaya da ƙafata shi ne kan maganar Oga. Ya ce shi famfo ne, in ruwa bai taho daga matatar ruwa ta Tamburawa ba kar a zagi famfo. Wannan hujjar ba shi ya ƙirƙiro ta ba, ita manyan kamfanonin Amurka suka daɗe suna bayarwa, wai matsalar daga bututu ne, makarantu ba sa turo mata da baƙaƙe. Lokacin da Google ya fara fitar da alƙalumansa a 2014, mata kashi 17 ne a ɓangaren fasaha, baƙar fata kashi 2 a ma'aikatansa na Amurka, kuma maganar bututun nan ita aka fi ji. Na ce ranka ya daɗe ruwa ya zo ai, mu shida muka zo da kuɗinmu, ba wanda ya roƙe mu, huɗu a gidanka suka tsiyaye, wannan ba laifin Tamburawa ba ne, bokitinka ne ke yoyo. Aji ya yi tsit, sai da na ji kunya kaɗan don mutumin ya girme ni kuma ba mugu ba ne.

Kuma wannan ɗin shi ne abin, ba mugu ba ne. Ba ranar da ya zauna ya ce bari in kori mata. Mutum ne da bai taɓa shiga gida ƙarfe tara an tambaye shi daga ina yake ba, bai taɓa tsayawa ƙofar banɗaki yana tunanin wa zai turo ba, to da ya zo canza lokaci ko a ransa bai kawo akwai wanda abin zai kora ba, kuma duk waɗanda ya yi shawara da su irinsa ne. Ya tuna min da manhajar tace takardun neman aiki da Amazon suka gina, wadda labarinta ya fito a 2018. Ba wanda ya ce mata ta ƙi mata, takardun shekara goma na masu neman aiki aka ba ta ta koya, yawancinsu na maza, sai ta koyi cewa namiji shi ne ma'aikacin kirki, ta riƙa rage maki in ta ga kalmar mata a takarda, irin a ce shugabar ƙungiyar wasan mata. Dole suka watsar da ita. Injin markaɗen Malam kenan, abin da ka zuba shi zai fito.

Labarin Susan Fowler kuma kamar a ajinmu aka yi shi. Tsohuwar injiniya ce a Uber, kamfanin kiran motar haya ta waya, a Fabrairun 2017 ta rubuta abin da ya same ta, ranarta ta farko a sabon rukuni shugabanta ya fara turo mata maganar banza, ta ɗauki hoton saƙonnin ta kai ofishin kula da ma'aikata, aka ce mata ai laifinsa na farko ne kuma mutum ne mai ƙoƙari a aiki ba za a ɓata masa suna ba, daga baya ta gano wasu matan ma sun kai ƙararsa. Ta ce lokacin da ta shiga sashen mata sun fi kashi 25, kafin ta nemi barinsa sun koma ƙasa da kashi 6. Har da labarin rigunan fata da aka saya wa maza sama da ɗari aka ce matan su shida ba za a saya musu ba don ba su da yawan da za a samu ragi. Ƙarshenta an kori mutum sama da 20, shi kansa shugaban kamfanin Travis Kalanick ya sauka a watan Yuni. To can California ce, ba uban da ya hana, ba miji, ba adaidaita, matan sun riga sun shigo da digirinsu, wajen ne ya kore su. Yi haƙuri yaro ne da laifinsa na farko ne, ai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Ranar musun wani daga bayan aji ya ce to wai ma ina ruwan kwamfuta da mace ko namiji, kod kod ne. Da ruwanta mana. Apple sun fito da manhajar lafiya a 2014 tana ƙirga takunka da bugun zuciya da gishirin da ka ci, amma ba wajen lissafin al'adar mata, abin da mata ke lissafawa duk wata, sai a 2015 aka saka bayan an yi ta surutu. A 2018 Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana, da Timnit Gebru haifaffiyar Habasha suka gwada manhajojin tantance fuska na manyan kamfanoni uku, a kan fararen maza kuskuren bai kai kashi 1 ba, a kan mata masu duhun fata ya kai kusan kashi 35 a mafi munin cikinsu. Fuskar waye wannan in ba tawa da ta ƙannena ba? In babu irinka a ɗakin da ake gina abu sai an gama a tuna da kai.

Kuma ba mata kaɗai ba ne, kar a ce na ja bargon gefena. Akwai wani bawan Allah mai keken guragu da ya zo tambaya satin farko, ya kalli matakalar nan hawa biyu, Baba maigadi ya hau ya karɓo masa takardar talla, bai sake dawowa ba. Duk ajin kuma 'yan cikin gari ne masu Turanci daidai gwargwado, wanda ya yi makarantar gwamnati a ƙauye ko laftof ɗin ma a ina zai samu. Mu kanmu 'yan arewa in aka zo maganar fasaha a ƙasar nan haka muke ƙorafi an bar mu a baya komai Legas komai unguwar Yaba da kamfanonin fasaha suka taru, ko da Mark Zuckerberg mai Facebook ya zo a 2016 can ya fara sauka. Oga da bakinsa yake wannan ƙorafin kullum, wai 'yan kudu sun mamaye komai ba a tunawa da mu, kuma in aka ce masa ai 'yan arewa ne ba sa nema sai ransa ya ɓaci ya fara lissafo dalilai. Amsar da ba ya yarda a ba shi ita yake ba mu. Laifi tudu ne dai.

Ni ban ce ya gyara tarbiyyar gidajen Kano ba, ba zai iya ba, ni ma ba zan iya ba. Ban ce ya sauke kuɗi don mata ba, ban ma so, kuɗina daidai da na kowa na biya. Lokacin aji a hannunsa yake, sakata a hannunsa take, cire yaro ɗaya daga guruf a hannunsa yake, sanar da aiki a cikin aji maimakon wajen mai shayi ko kwabo ba zai ci masa ba. Waɗannan na lissafa masa ranar, ya ce zai duba.

In maki ake so, karatu na ba su 5 cikin 5, wuta da intanet 4, yadda suke riƙe ɗalibai mata 1, shi ma ɗayan don Malamin JavaScript ne da ya riƙa tsayawa sai ya ga mun hau adaidaita kafin ya tada mashin ɗinsa. Alkawarin samo wa mutum wajen gwajin aiki bayan an gama kuma kar ka ɗora rai a kai, mutum huɗu na san an tura, duk 'yan teburin shayi. Namiji mara nauyi a kansa ya je kawai, zai ƙaru. 'Yar'uwa kuma kafin ki biya ko naira ki sa a rubuta miki lokacin aji a kan rasit, ki tambaya in an canza za a mayar miki da kuɗinki ko a'a, ki leƙa banɗaki da wajen salla da idonki, ki tambayi mata nawa suka fara zangon baya nawa suka gama, ba nawa ne a hoto ba. Ki kuma nemi ƙungiyoyin mata masu wannan harkar ta intanet irin She Code Africa da Ada Nduka Oyom ta kafa, ko ba komai za ki samu wadda za ki tambaya abu ba tare da an ce ki je ki zaɓi kala ba.

Na ji an ce zango mai zuwa za su buɗe ajin Asabar da Lahadi da safe, ƙanwata na so ta shiga, na ce ta bari sai mun gani a rubuce. Sakatar kuwa ana saura sati uku mu gama na tsaya a shagon kayan gini na saya da kuɗina, Baba maigadi ya ɗaura ta da sukundireba cikin minti biyar yana ta mamakin wai dama abin da ake ta magana a kai kenan. Oga ya ce a kawo rasit zai biya. Naira 1,500 ne, rasit ɗin na nan cikin jakar laftof ɗina har yau.